Tarihin Alhaji Kalilu Gulma, Mutumin da Ya Ƙi Dafa Ƙasa

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Alhaji Kalilu Dikko Gulma, wanda 'yan kokawa suka fi sani da Ƙi-Dafa, a garin Gulma ta ƙasar Argungu, cikin daminar shekarar 1951. Mahaifinsa shi ne Dikko ɗan Tamba, manomin shinkafa a fadamar Rima, mahaifiyarsa kuwa Sharifa, 'yar gidan masunta ce daga cikin garin Argungu. Gidansu gidan noma ne tun kaka da kakanni, amma abin da ya fitar da sunansa har Kamba da Gaya shi ne kokawa.

Kakansa Tamba ya bar wa zuriyarsa wata ɗamara ta fatar bijimi, wadda ta yi baƙi saboda zufa da daɗewa, ya kuma bar ta da sharaɗi. Uba ne zai ɗaura wa ɗansa ita da hannunsa, a tsaye, gaban 'yan kokawa, kuma ba za a ɗaura ta ga wanda ya taɓa dafa ƙasa gaban abokin karawarsa ba. Wanda bai san kokawar ƙasar nan ba sai ya ɗauka sharaɗin ƙarami ne. A ƙa'idarsu, a ɗaga mutum a maka shi da ƙasa ba abin kunya ba ne, don kowa na iya gamuwa da wanda ya fi shi. Abin kunya shi ne mutum ya kai hannunsa ƙasa da kansa, domin wannan ba da gari ne tun kafin a ci shi. Tamba ya ƙara da cewa ranar da aka rasa mai cika sharaɗin a gidan, a jefa ɗamarar a gulbi, kifi ya fi cancanta da ita.

Karatunsa

Kalilu ya fara karatun Alƙur'ani a zauren Malam Nu'uman na Gulma, ya kuma shiga firamare a shekarar 1959. Malamansa duka sun yi ittifaƙi a kan abu biyu: yana da ƙwaƙwalwa, kuma ba ya barin mutum ya sha ruwa da tambaya. Kome aka gaya masa sai ya ce, “Mi ad dalili?” har wannan ta zame masa suna kafin na kokawa ya zo ya danne shi. An tabbatar da cewa yana ɗan shekara tara ya tsaga tayar keken mahaifinsa da aska don ya ga inda iska take kwana a ciki. Ya sha bulala, amma ana gama dukan ya tambayi dalilin da ya sa iskar ta fita da kuka.

A shekarar 1966 ya wuce Argungu don ci gaba da karatu, daga nan ya sami gurbi a makarantar horon malaman gona, inda ya kammala a 1972. Takardar shaidar da aka ba shi ta yaba hazaƙarsa, ta kuma ambaci taurin kansa cikin lafazi mai ladabi.

Kokawarsa

Ya shiga fagen manya a kakar 1968, bayan an kai shinkafa gida. An kayar da shi a shekarunsa na farko, kuma bai taɓa musun haka ba, amma babu mahaluƙin da ya taɓa ganin tafinsa a ƙasa. A 1974 mahaifinsa Dikko ya ɗaura masa ɗamarar Tamba a dandalin Gulma, makaɗa suka sa masa Ƙi-Dafa. Yakan ba da labari yana dariya cewa wani akawu ya ga sunan a rubuce ya tambaye shi ko da girki yake gaba.

Karawar da aka fi tunawa da ita ita ce ta 1977, lokacin bikin kamun kifi na Argungu, tsakaninsa da Nasrullahi na Kamba, wani ƙato da ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba a wannan shekarar. An yayyafa wa fagen ruwa ya yi yawa. Suna cikin riƙo santsi ya kwashe ƙafar Kalilu ta hagu, ya tafi gaba ɗaya zai kifa, kuma duk wanda ke wurin ya san abin da hankali ke cewa: a dafa, a sha kaye, a koma gida lafiya. Shi kuwa sai ya maƙale hannunsa a ɗamara, ya murɗa jikinsa a kan ƙafar da ta goce. 'Yan sahun gaba sun ce sun ji ƙarar idon sawun. A haka ya shiga ƙarƙashin Nasrullahi ya ɗaga shi ya kayar, sannan ya tsaya da ƙafa ɗaya har aka zo aka ɗauke shi.

Ya ci kokawar, ya kuma ci ɗingishi na har abada. Daga wannan rana abin ya wuce fage ya shiga ɗabi'a, domin ko daga tabarma zai tashi ba ya dafawa, sai dai ya yunƙura da cinya ko da zai yi nishi uku. In ba a sujada ba, ƙasa ba ta san tafinsa ba. Allah Ya jiƙan maza, amma gaskiya a faɗe ta, wannan kam har da taurin kai a ciki. Ya bar fage a 1983.

Aikinsa da iyalinsa

Ya yi aikin malamin gona a ƙauyukan fadama daga 1972, yana koyar da dashen shinkafa a layi da sarrafa injin ban ruwa. Manoma sun so shi, ko da yake sun ce in ya zo koya maka abu ɗaya sai ya tambaye ka goma. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 aka mayar da shi Birnin Kebbi, ya gina gida a Gwadangaji, amma bai saki gonar gado ta Gulma ba. Ya sauke farali a 2003, ya yi ritaya a 2007.

Ya auri Hajiya Asiya, 'yar Argungu, a 1979, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa. Mace ce mai sanyin magana wadda ta san inda ake kama mijinta. Allah Ya ba su Abbas a 1981, Nana Aisha a 1985, Ummu Hani a 1990, sai auta Munzali a 1998. Abbas ya fito siriri mai son littafi, ya zama malamin makaranta, bai taɓa kama ko ɗan akuya da niyyar kayarwa ba. Saboda haka idon Alhaji ya koma kan Munzali, wanda tun yana goye ungozoma ta ce wannan ba jariri ba ne, baƙo ne. Yana ɗan shekara goma sha biyar yake ɗaukar buhun shinkafa a kowace kafaɗa, kuma ubansa ya koya masa kokawa a tsakar gida, musamman yadda ake sauke ƙugu a shiga ƙarƙashin wanda ya fi ka tsawo.

Tafiyar Munzali Amurka

Maƙwabcinsu a Gwadangaji shi ne Malam Raphael Isuwa, mutumin Filato, malamin wasanni a wata sakandare, wanda suka yi shekara ashirin suna musayar tuwon salla da na Kirsimeti. Shi ya sa Munzali wasan jifan dunƙulen ƙarfe, shi kuma ya ɗauki hotonsa na bidiyo ya aika wa wasu masu neman 'yan wasa da suka zo Legas a 2019. Suka gwada shi, suka auna shi tsaye da kwance, suka ce suna so. Da aka gaya wa Alhaji ƙwallo ce yaron zai yi a Amurka, sai ya dubi girman ɗansa ya ce ko dai gola za su sa shi ya toshe ragar. Ya sa masa albarka, ya ce ranar da ya dawo da suna zai ɗaura masa ɗamara.

Munzali ya tafi a 2020. Ya yi shekara biyu yana koyon wasan cikin 'yan atisaye na wata ƙungiyar ƙwararru da ke wani birni na bakin tabki a arewacin Amurka. Ma'anar sunan ƙungiyar ita ce matuƙa jirgin ruwa, don haka mutanen Argungu ba su wahalar da harshensu ba, suka sa musu Sarkawan Amurka, da sunan Sarkawa masunta masu kwale-kwale.

Ranar da ya fara gani

A watan Oktoba na 2022 aka fara sa Munzali a wasa. Malam Raphael ya fito da talabijin barandarsa, maƙwabta suka cika bayan sallar magariba, aka ajiye wa Alhaji kujera a gaba. Ya ga ƙwallo mai siffar gwanda, ya ga ƙatti cikin hular kwano da sulke. Aka nuna masa lambar ɗansa. Sai ga Munzali ya zo gaban wani ƙato irinsa, ya sunkuya, ya kai hannunsa na dama ya dafa ƙasa, tun ba a taɓa shi ba.

Wurin ya ɗauki sowa, Alhaji kuwa ya ɗauka idonsa ne ke yi masa gizo. Aka sake jeruwa, yaron ya sake dafawa. A karo na uku Alhaji ya yunƙura ya miƙe. Malam Raphael ya bi shi har ƙofa yana cewa, “Baba Alhaji, haka ake fara wasan, duk 'yan gaba haka suke yi.” Ya amsa masa da cewa, “Duk 'yan gaba ba jikokin Tamba ba ne. Ni nig gani da idona, yad dafa, kuma ba wanda yat tura shi.”

Washegari ya sanar da iyalinsa cewa ba zai ɗaura wa Munzali ɗamara ba, kuma ya yi wa Abbas wasiyya cewa in ya mutu a kai ta gulbi kamar yadda Tamba ya ce. Bai yi fushi irin na yanke zumunta ba. In Munzali ya bugo waya yana amsa gaisuwa, ya tambayi sanyi da abinci, amma ya daina kiransa jikan Tamba, sunan da yake kiransa da shi tun yana rarrafe. Yaron ya yi bayani har ya gaji. Da ya zo hutu a 2023 ya tarar an ɗauke ɗamarar daga ƙusar da take rataye a falo, bai tambaya ba, ba a kuma gaya masa ba. Mahaifiyarsa ta ce ranar da zai koma ya yi kuka a ɗakinta kamar ƙaramin yaro, da wannan girman nasa.

Kakar 2023

Hajiya Asiya ba ta yi gardama da mijinta ba. Ta gaya wa 'ya'yanta su bar shi, domin fushinsa yana da ƙarfi amma son saninsa ya fi shi. Da kakar wasa ta kama a watan Satumba, sai ta riƙa tambayarsa abubuwa kamar da gaske: wai me ya sa ake ce mata ƙwallon ƙafa alhali da hannu ake ɗaukarta? Ya ce bai sani ba. Wannan kalma kuwa ba ta taɓa kwana a bakinsa lafiya ba. Lahadi ta uku, ranar da ake nuna wasan, sai ga shi a barandar Malam Raphael, ya ce ya zo aron tocila. Matar gidan, Kezia, ta kawo masa kujera ba tare da ta ɗaga ido ba.

Daga ranar bai sake fashi ba, kuma Malam Raphael ya ce a shekara talatin na koyarwa bai taɓa shan tambaya irin ta waɗannan watanni ba. Me ya sa suke tsayawa kowane lokaci su haɗa kai suna ƙus-ƙus kamar dillalan albasa? Me ya sa alƙali ke jefa ƙyalle maimakon ya yi magana? Me ya sa ake auna ƙasa da sarƙa, gado za a raba? Sunayen 'yan wasan sun ƙi zama a bakinsa, sai ya raɗa musu nasa. Mai jefa ƙwallon, wanda kowa ke tsaronsa, ya zama Ɗan Lele. Gajeren nan mai gudu da ita ya zama Zomo. Dogon da ke cafe ta a sama ya zama Zalɓe. Wanda ke shigowa ya buga ta da ƙafa sau ɗaya ya koma benci kuwa, Alhaji ya sa masa Babban Sakatare, ya ce bai taɓa ganin aiki mai daɗi irin nasa ba.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne ɗansa bai taɓa ƙwallon ba ko sau ɗaya. Sai a hankali ya gano cewa wasa biyu ake yi a fage ɗaya. Na baya suna ƙwallo, ƙatti biyar na gaba kuwa kokawa suke yi tsagwaronta, don kada a kai ga Ɗan Lele, don kuma a buɗe wa Zomo hanya. Da ya gane haka sai ya daina bin ƙwallon da ido sam. Jama'a na ihu an ci, shi yana can yana duban ƙugun Munzali, yana cewa a ransa wannan shigar tasa ce, shi ya koyar da ita a tsakar gida.

Sarkawan Amurka sun fara kakar da rashin nasara biyu, daga nan suka miƙe. Suka ci na gida, suka ci na waje, suka ci cikin ƙanƙara ranar da Zalɓe ya cafe ƙwallo da hannu ɗaya. Ɗan Lele, wanda a bara ake ta tumurmusawa, ya yi wata biyu rigarsa ba ta yi datti ba, masu sharhi kuma suka fara ambatar sunan Munzali. 'Yan Gwadangaji da ba su san dokar wasan ba suka iya ta, masu a-daidaita-sahu suka liƙa lambarsa a bayan kekunansu. Duk da haka, a duk lokacin da aka jeru yaron ya kai hannu ƙasa, Alhaji kan kawar da kai. Ya gaya wa Malam Raphael cewa, “Wasan ga na gane shi duka, in ban da hannun ga. Mutum shina da ƙarhi awa wanga, mi ad dalilin ba da gari?”

Faɗuwarsa a fadama

A tsakiyar Disamba ya tafi Gulma duba irin shinkafar rani. Da hantsi, yana tafiya shi kaɗai a kan kunyar da ta raba fadamarsa da ta maƙwabci, tsohuwar ƙafar nan ta 1977 ta ci amanarsa, ya zame ya zauna daɓas cikin laka. Ya yunƙura da cinya kamar yadda ya saba, cinya ta ce ba ta san zancen ba. Ma'aikatansa suna can nesa wajen inji, kuma ko da suna kusa ba mai kiran a ɗaga shi ba ne. Haka dattijo mai shekara saba'in da biyu ya zauna cikin laka, hannuwansa bisa gwiwa, rana na dukansa, yana gardama da ƙasa.

Kiran sallar azahar daga cikin gari ne ya raba gardamar. Ya ga dai ba zai bar salla ta wuce shi saboda Tamba ba. Ya kai tafinsa na dama ya dafa. Abin da ya ba shi mamaki, kamar yadda ya faɗa daga baya, shi ne bai ji ya tafi ƙasa ba, sai ya ji ƙasar ta turo shi sama, ƙarfi ya bi hannu ya shiga kafaɗa ya sauka ƙugu, sai ga shi tsaye. Mutumin da ya tsaga taya don ya ga iska ba zai bar wannan ta wuce ba. Ya waiga bai ga kowa ba, ya koma ya durƙusa, ya sake gwadawa.

A ranar Lahadin da ta biyo bai kawar da kai ba. Ya sa Malam Raphael ya riƙa mayar da hoton baya a hankali, ya ga hannun yana sauka tun kafin a fara, ya ga kuma da shi yaron ke tunkuɗa kansa ya shiga ƙarƙashin abokin karawa. Da ya koma gida ya ce wa matarsa, “Asiya, ashe dafawa biyu ta. Akwai ta mai hwaɗuwa, akwai ta mai tashi. Tamba guda yas sani.” Ta ce to ya buga wa yaron waya mana. Ya ce ba a ɗaura ɗamara ta waya.

Jinyarsa da ƙarshen kaka

Tun daga faɗuwar nan jikinsa bai koma daidai ba. A farkon Janairu 2024 likitoci suka tabbatar da ciwon zuciya, ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. A daidai lokacin ne kuma aka shiga wasannin da duk wanda aka ci ya tafi gida. Lissafin a fili yake ga kowa a gidan: in aka ci Sarkawa, Munzali zai iso cikin mako, in suka ci, sai an ƙara jira. Alhaji ya hana a gaya wa yaron halin da yake ciki, ya ce wanda ke tsaron bayan wani ba a kiran sunansa daga baya.

Hajiya Asiya ta amsa da bakinta cewa a wannan watan ta roƙi Allah Ya sa a ci ƙungiyar ɗanta, mijinta kuma yana ɗaki ɗaya da ita yana roƙon akasin haka. Suka ci wasan farko, suka ci na biyu da bugun Babban Sakatare ana gab da tashi, har Alhaji ya ce ya janye maganarsa, mutumin yana cin albashinsa da halali. Suka ci na uku. Kowace nasara unguwa na murna, Abbas kuwa yana duban ƙafafun mahaifinsa yana tuna wasiyyar gulbi, wadda har lokacin ba a janye ta gaban kowa ba.

An yi wasan cin kofi a watan Fabrairu. Likita ya hana shi jiran lokacin da ake nuna shi, wato tsakar dare, don haka sai da safe ya kalli maimaici, bayan ya yi wa gidan kashedi kada a gaya masa sakamako. Kowa ya ɗaure fuska, sai dai Ummu Hani ta manta tana shara tana waƙa. Ana gab da tashi Sarkawa na baya, saura taku ɗaya tsakaninsu da layin ci. Aka jeru, Munzali ya dafa, ya tashi da ƙaton da ke gabansa kamar an tura ƙofa, Zomo ya bi ta bayansa ya faɗa ciki. Alhaji bai yi sowa ba. Ya ce a ɗauko masa ɗamara daga ƙasan akwati, a shafa mata man shanu.

Ɗaurin ɗamara

Munzali ya iso a ƙarshen Fabrairu, sai a ƙofar ɗaki ya ga abin da aka ɓoye masa. Alhaji ya ce a kai shi Gulma. Aka shimfiɗa masa tabarma a dandalin da aka ɗaura masa ɗamarar shekara hamsin da suka wuce, tsofaffin 'yan kokawa suka zo, har da Nasrullahi na Kamba, wanda jikansa ya kawo a babur. Sharaɗi ya ce a tsaye ake ɗaurawa. Abbas da Munzali suka matso za su ɗaga shi, ya ce su ja da baya.

Sai Ƙi-Dafa ya kai tafinsa ƙasa, gaban makaɗa, gaban Nasrullahi, wanda a gabansa ne ya gwammace karya ƙafa da ya dafa. Kiɗa ya tsaya. Ya tura, ya miƙe, ya tsaya yana haki. Nasrullahi ya ce, “Kalilu, da ka yi hakanga tun saba'in da bakwai, da yanzu kana tahiya daidai.” Ya ce, “Da na yi ta ran nan, ta hwaɗuwa ce. Wagga ta tashi ta, ga ɗana nik koye ta.”

Ya zagaya ɗamarar a ƙugun Munzali, sai ta ƙi haɗuwa, saura kusan taƙi guda. Dandali ya fashe da dariya, har shi. Hajiya Asiya ta kwance ɗankwalin da ke ƙarƙashin mayafinta ta miƙo, aka ƙara, ya ƙulle da hannunsa. Sannan ya ɗaga murya iyakar abin da ƙirjinsa ya bari, ya kira shi jikan Tamba. Munzali ya sunkuyar da kai yana kuka, ubansa kuwa yana tambayarsa, a hankali, me suke faɗa wa juna in sun haɗa kai suna ƙus-ƙus.

Rasuwarsa

Alhaji Kalilu Dikko Gulma ya rasu a gidansa na Gwadangaji da safiyar Laraba, 6 ga Maris 2024, a ƙarshen watan Sha'aban, yana cikin shekara ta saba'in da uku. An kai shi Gulma bisa wasiyyarsa, aka yi masa salla bayan azahar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Manoma da 'yan kokawa da tsofaffin abokan aiki sun halarta, Malam Raphael Isuwa kuma ya bi gawar har maƙabarta.

Ya bar matarsa Hajiya Asiya da 'ya'ya huɗu: Malam Abbas, malamin makaranta a Birnin Kebbi, Nana Aisha, ma'aikaciyar jinya a Argungu, Ummu Hani, mai sana'ar ɗinki a Gwadangaji, da Munzali, ɗan wasa a Amurka, wanda ɗamarar Tamba ke hannunsa, da ɗankwalin a jikinta har yau. Ya kuma bar jikoki tara.

Munzali ne ya shiga kabarin ya karɓi mahaifinsa ya kwantar da shi. Da aka gama jera itace, mutane suka miƙo masa hannu daga sama don su jawo shi. Ya girgiza kai, ya dafa ƙasa, ya fito. Allah Ya gafarta wa Alhaji Kalilu, Ya sa ƙasar da ya daɗe yana ƙi ta yi masa sauƙi, amin.